Babbar taya da shaf ɗin kamfani: tarihin ƙarfen da ke karyewa a daji

Yau mota za mu shiga, amma ta ƙarƙashinta za mu bi. Zan yi magana ne kan wani sandan ƙarfe da mai mota ba ya tunawa da shi sai ranar da ya ji ƙas! a tsakiyar daji, wato shaf ɗin aksul na gaba a motoci masu ja da ƙafa huɗu. Tambayar da na ɗauko ita ce wadda matasa masu sha'awar irin waɗannan motoci ke yawan yi: in na cire tayar da kamfani ya sa na ɗora manya, shaf ɗin da motar ta zo da shi zai jure? Ni a ganina tarihin motocin nan ya riga ya ba da amsa, saura mu bi shi daki-daki.

Mu fara da sanin aikin ƙarfen. Inji ne ke samar da ƙarfi, giya ta miƙa shi ga aksul, a tsakiyar aksul kuma akwai tukunyar giya mai raba ƙarfin tsakanin ƙafar dama da ta hagu. Daga wannan tukunya shaf ke fita zuwa kowace ƙafa. Na baya aikinsa ɗaya ne, ya juya taya. Na gaba kuwa aiki biyu gare shi, yana juya taya, kuma dole ya lanƙwasa duk inda sitiyari ya nufa. Shi ya sa ake yi masa gaɓa a kusa da taya, abin da bakanikai ke ce wa kan shaf. Ku riƙe wannan gaɓar a ranku, don a nan yawancin ɓarnar take faruwa.

Injiniyoyi sun daɗe suna fama da ita. Wani Ba'amurke, Clarence Spicer, ya samu haƙƙin mallakar gaɓarsa mai rufi a 1903, ya kafa kamfani a 1904. Kamfanin ne daga baya ya koma birnin Toledo na jihar Ohayo, a 1946 kuma ya ɗauki sunan Dana. A wajejen 1926 wani injiniyan Ford, Alfred Rzeppa, ya fito da wata gaɓar daban, mai ƙwallayen ƙarfe shida a cikin keji, wadda ke juya taya ba tare da fizga ba ko da an karya kan mota. Kusan duk ƙaramar motar da kake gani a titi yau, jikar gaɓar Rzeppa ce a ƙafarta ta gaba.

To, a 1940 sojojin Amurka suka nemi ƙaramar mota mai ja da ƙafa huɗu. Kamfanin Bantam ya haɗa samfurin farko cikin kwana 49, sai dai Willys da Ford ne suka ƙera mafi yawansu, fiye da 600,000 kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945. Wannan ita ce Jeep ta asali, kuma aksul ɗinta na gaba na Spicer ne, mai lamba 25. Ku dubi lissafin da aka yi mata: inji mai ƙarfin doki 60, nauyi tan ɗaya da ɗan ɗoriya, taya siririya mai lamba 6.00-16 wadda tsayinta bai wuce inci 28 ko 29 ba. Shaf ɗin siriri ne, amma ya isa, domin an auna shi da injin da nauyin da tayar. Hausawa suka ce daidai ruwa daidai tsaki.

Bayan yaƙi sai kowa ya kwaikwayi Jeep. A Ingila, Maurice Wilks na kamfanin Rover ya gina samfurinsa na farko a kan ƙashin tsohuwar Jeep, aka nuna wa duniya Land Rover a bajekolin motoci na Amsterdam a 1948. Tsofaffin Land Rover sun yi suna wajen karya shaf, musamman na baya, mai haƙora goma a bakinsa, har ya zama al'ada masu doguwar tafiya su jefa na sauyi a cikin kaya. Me kamfanin ya yi? A kan dogayen motocinsa masu ɗaukar kaya sai ya koma aksul ɗin baya na Salisbury, mai kauri, mai haƙora 24. Nauyi ya ƙaru, sai aka ƙara ƙarfe.

A Japan kuma Toyota ta fito da BJ a 1951, ta raɗa mata suna Land Cruiser a 1954. Samfurin 40 ya zo a 1960, samfurin 70 ya biyo a 1984, kuma har gobe ana ƙera shi. Gaɓar da ke ƙafarsu ta gaba ana ce mata Birfield, sunan wani kamfanin Ingila da ya inganta fasahar Rzeppa. A nan labarin ya matso kusa da mu. A watan Janairun 1987 dakarun Chadi ƙarƙashin Hassan Djamous suka fatattaki sojojin Libiya a Fada, a kan akori-kurar Toyota kusan 400 da Faransa ta ba su, har aka riƙa kiran wannan zangon faɗan Yaƙin Toyota. Daga Agadas zuwa Dirku kuwa, tafiyar fiye da kilomita 600 a cikin Tenere, Hilux da Land Cruiser ne jakunan hanya. Abin lura shi ne tayar da Toyota ta saba ɗora wa samfurin 70 a ƙasashenmu, 7.50 mai rim 16, siririya ce, tsayinta kamar inci 31 zuwa 32. Sunan da motar ta yi na rashin mutuwa, a kan irin wannan tayar ta yi shi.

To daga ina yayin manyan tayoyi ya fito? Daga wasan Amurkawa ne. Tun 1953 masu Jeep suke taruwa su bi hanyar duwatsu ta Rubicon a Kalifoniya, a 1967 kuma aka fara taron shekara-shekara na garin Moab a jihar Yuta. Wanda ke hawan dutse yana son cikin motarsa ya ɗaga daga ƙasa, kuma abu ɗaya ne ke ɗaga tukunyar aksul, wato doguwar taya. Sai aka shiga tsere, daga inci 31 zuwa 33, zuwa 35, zuwa 37. Akwai wani mutumin Sent Luwis, Bob Chandler, mai akori-kurar Ford F-250 da aka fi sani da Bigfoot. Yawan karya kayan motarsa da wahalar samun na sauyi na cikin abin da ya sa ya buɗe shagon kayan irin waɗannan motoci a 1975. Da ya kai ga taya mai inci 48 a 1979, bai bar aksul ɗin kamfani a ƙarƙashinta ba, na wata motar soja ya ɗauko ya sa.

Yanzu bari mu yi ɗan lissafi, ba mai wuya ba ne. Duk wanda ya taɓa kwance noti ya san in sifana ta gaza, sai a zura mata bututu a ƙara mata tsawo, nan take notin ya saki ko ya tsinke. Haka taya take ga shaf. Tazarar da ke tsakanin tsakiyar taya da ƙasa ita ce tsawon sifanar. Ka tashi daga inci 31 zuwa 35, ka ƙara wa sifanar kusan kashi 13 cikin ɗari. Ka tashi daga 28 zuwa 35, kashi 25 ke nan. Ban da wannan, babbar taya ta fi nauyi, ta fi kama ƙasa, wato ba ta saurin sulɓewa ta rage wa shaf wahala. Ƙarfin shaf kuwa yana bin kaurinsa ne ninki uku: ka ƙara masa kauri kashi 10 cikin ɗari, juriyarsa ga murɗawa ta ƙaru da kusan kashi 33. Kun ga ke nan ɗan bambancin da ido ba ya kamawa yana iya zama bambancin isa gida da kwanan daji.

Ku duba jerin aksul na Dana. Mai lamba 30, wanda aka fara sa wa Jeep CJ a gaba a farkon shekarun 1970, shaf ɗinsa haƙora 27 ne, kauri bai kai inci 1.2 ba. Mai lamba 44 haƙora 30 ne, kauri inci 1.31. Mai lamba 60 kuwa ana samunsa da haƙora 35 da kauri inci 1.5. Masu hawan dutse a Amurka suna da ƙiyasin da suke yi wa juna, cewa lamba 30 ta tsaya a taya 33, lamba 44 ta kai 35, wanda ya wuce nan kuma ya nemi lamba 60. Ƙiyasi ne, ba doka ba, amma shi kansa kamfanin Jeep tafarkin da ya bi ke nan. Da ya fito da Wrangler Rubicon a 2003, taya mai inci 31 ya ɗora mata, amma sai da ya sa mata aksul lamba 44 gaba da baya. A 2018 tayar Rubicon ta kai inci 33, aka ƙara wa aksul ɗin faɗi da ƙarfi. A 2021 da suka fara sayar da mai inci 35 daga masana'anta, sai da suka canza giyar cikin aksul ɗin ma. Shekara tamanin ana tafiya, duk lokacin da mai ƙera mota ya ƙara taya, sai ya taɓa abin da ke juya ta.

Amma fa a yi adalci, ba tayar kaɗai ke karya shaf ba. Akwai mutanen da suka shekara da shekaru da taya 35 a kan ƙaramin aksul ba abin da ya same su, akwai kuma wanda ya tsinke nasa da tayar kamfani. Bambancin yana ƙafar direba. Abin da ke kashe shaf shi ne bugu na farat ɗaya. Mota ta kafe, taya tana juyawa a iska ko a taɓo, direba ya danne totur, kwatsam tayar ta cafki dutse ko ƙasa mai tauri. Duk gudun nan da nauyin tayar sai su sauka a kan ƙarfen lokaci guda. In kuma an karya sitiyari har ƙarshe, gaɓar tana mafi rauninta a wannan kusurwar. In an haɗa da ribas a kan tudu, nauyin motar ya koma kan ƙafafun gaba. In motar tana da makullin aksul kuma an kulle, ƙafa ɗaya tana iya ɗaukar ƙarfin da ya kamata biyu su raba. Haɗa waɗannan da babbar taya, ka ga sai dai addu'a.

Wani zai ce to a sayi shaf mai ƙarfi mana. Akwai su, na ƙarfen da ake kira kromoli, kuma sun fi na kamfani juriya. Sai dai rauni ba ya ɓacewa, wuri yake canzawa. In shaf ya ƙi karyewa, haƙoran giyar cikin tukunya ne za su ɗauki bugun, su kuwa sun fi tsada, kuma ba a gyara su a gindin bishiya. Shi ya sa tsofaffin masu Land Rover ke ɗaukar shaf tamkar fis ɗin lantarki, gara shi ya ƙone da gidan ya kama. Sannan ga masu Hilux ta yanzu, ku sani ba irin tsohuwar ba ce. Tsohuwar aksul ɗinta na gaba sanda guda ne, Toyota ta daina shi a kasuwar Amurka a tsakiyar shekarun 1980, a sauran wurare kuma zuwa ƙarshen shekarun 1990. Ta yanzu kowace ƙafa da nata shaf mai gaɓa biyu. In ka ɗaga motar don babbar taya ta shiga, ka ƙara wa gaɓoɓin nan kusurwa, robar da ke rufe su ta fara yagewa da wuri, giris ya fita, yashi ya shiga. Daga nan sai ka fara jin ƙas-ƙas-ƙas a duk kwana.

Abin da ya sa na ga maganar nan ta shafe mu shi ne, wanda ya karya shaf a Moab yana cikin ayarin abokai ne, da kayan gyara, da motar da za ta ja shi, washegari ya sayi sabo. Wasa ya je yi. Mu kuwa hotunan motocinsu muke gani a waya mu yi sha'awa, alhali motar da ke hannunmu ta Kwatano ce, ta riga ta ci dubban ɗaruruwan kilomita, shaf ɗinta ya gaji tun kafin ta iso. Kuma ita ce ke kai maras lafiya asibiti da damina, ita ke ɗauko buhuna daga gona, ita ke ratsa yashi da mutane a bayanta. In ta rasa ƙafar gaba a inda babu sabis ɗin waya, ruwan da ke cikin jarka ake fara ƙirgawa.

Don haka shawarata ga duk wanda zuciyarsa ta kwanta a kan manyan tayoyi, ya fara tambayar wane aksul ne a ƙarƙashin motarsa, da tayar da kamfani ya auna shi da ita. Ƙarin inci ɗaya ko biyu, da ƙafa mai sanyi a kan totur, yawanci shaf ɗin kamfani yana ɗauka. In za a wuce nan, a sa kuɗin shaf da giya da birki a cikin lissafi tun kafin a biya kuɗin taya. In yashi ne matsalar, rage iskar taya yana shimfiɗa ta a ƙasa ba tare da an ƙara wa ƙarfen ko inci ɗaya ba, kuma abin da direbobin hamada suka daɗe suna yi ke nan. A riƙa leƙa robar kan shaf duk sanda aka je juyen mai, mai doguwar tafiya kuma kada ya raina ɗaukar na sauyi.

A nan zan dakata. Bakanikai da direbobin da ke tare da mu, musamman na Ƙofar Ruwa da Panteka da Agadas, ku faɗa mana wace mota ce kuka fi canza wa kan shaf, kuma wace taya ce a ƙafarta. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya kai mu lafiya.