Me Ke Sa Mutane Su Bi Shugaba? Abin da Tarihin Bauchi Ya Nuna

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, hirar majalisun Ƙofar Dumi ɗaya ce. Wani ya ce ai kowa ɗan'uwansa yake zaɓa. Wani ya ce ina, wanda ya raba taliya da atamfa shi ke ci. Dattijo kuma ya ce duk kun ɓata, inda malam ya nuna nan ake dangwalawa. To, wannan gardama ba a kan bencinmu aka fara ta ba. Manyan masana sun daɗe suna yin ta, kowa da bayaninsa kan abin da ke haɗa kan jama'a da abin da ke jefa su rikici. Bari mu ɗauko uku daga cikinsu, mu gwada maganarsu da tarihin garin nan namu.

Na farko shi ne Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332, ya rasu a Alƙahira a 1406. A littafinsa Muƙaddima ya ce ƙarfin mulki daga asabiyya yake fitowa, watau haɗin kan mutanen da suke jin su ɗaya ne, galibi ta hanyar jini. Ya ƙara da cewa kiran addini na iya haɗa waɗanda jini bai haɗa ba, kuma idan daula ta zauna, jin daɗi ya shigo, haɗin kan yakan yi rauni a hannun jikoki.

Mu dubi Malam Yakubu. Bageri ne, ya tafi Degel ya yi karatu wajen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Da aka tashi raba tutocin jihadi, aka ba shi ta wannan yanki, alhali mafi yawan masu tuta Fulani ne, kuma akwai malaman Fulani a ƙasar nan. Ya kafa birnin Bauchi a 1809, aka kewaye shi da ganuwa mai ƙofofi tara, har da wannan da unguwarmu ta ci sunanta. Rundunarsa ta haɗa Gerawa da Fulani da Hausawa da wasu ƙabilu, kuma da ita ya tare Shehu al-Kanemi na Borno a wajen 1827. Ya yi mulki har 1845. Da jini kaɗai ake bi, da wannan runduna ba ta taru ba.

Amma kashi na biyu na maganar Ibn Khaldun ya tabbata a kanmu. Bayan mulkin Sarki Ibrahim ɗan Yakubu, a wajen 1880, rikicin gadon sarauta ya tashi tsakanin ɗansa Usman da ɗan'uwansa Halilu. Gida ɗaya, jini ɗaya, amma sai da aka yi yaƙin basasa, dakarun Misau suka shigo, birni ya sha wahala.

Na biyu shi ne Karl Marx, Bajamushen da ya mutu a 1883. Shi cewa ya yi tushen rikici shi ne abin duniya: masu shi a gefe guda, masu wahala a ɗaya gefen, kowa kuma da ajinsa yake tafiya. Labarin Ningi ya ba shi gaskiya ta wani fanni. A wajen 1846 wasu malaman Hausawa daga Tsakuwa ta ƙasar Kano, ƙarƙashin Malam Hamza, suka ƙi biyan kuɗin ƙasa, suka gudo duwatsun Ningi. Can suka tarar da Butawa da Warjawa da maƙwabtansu, waɗanda yawancinsu ba Musulmi ba ne a lokacin, su ma suna kuka da gandu da harin bayi. Harshe daban, addini daban, amma suka haɗa kai. Magadan Hamza irin su Ɗan Maje da Ɗan Yaya suka addabi Bauchi da Kano da Zazzau shekara da shekaru, ba a iya murƙushe Ningi ba har zuwan Turawa.

Sai dai idan muka matso shekarun 1940, lissafin Marx ya fara karkacewa. A 1943 aka buɗe zauren muhawara a nan Bauchi, inda ma'aikata da malaman makaranta ke tattauna al'amuran mulkin En'e. Cikin masu magana akwai Malam Sa'adu Zungur, da Malam Aminu Kano, da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, na biyun nan dukansu malamai a Midil ta Bauchi. Sa'adu ɗan gidan limamai ne. Aminu Bafulatani ne daga gidan malamai da alƙalai na Kano. Ga shi kuwa su ne suka zama muryar talakawa, Aminu ya jagoranci NEPU da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950. Abubakar kuma, wanda ba ɗan sarauta ba ne, ya zauna a NPC, jam'iyyar da sarakuna suka fi jingina da ita, ya zama Firayim Minista a 1957. Kuma shi ɗin ne a 1950 ya tashi a Majalisar Arewa ya nemi a yi wa En'e gyara. Kun ga ke nan ba gidan da aka haifi mutum ne ya zaɓa masa layi ba.

Na uku, Max Weber, shi ma Bajamushe, ya mutu a 1920. Tambayarsa ita ce: me ya sa mutane ke yarda su yi biyayya? Ya ce hanyoyi uku ne. Akwai biyayya don gado da al'ada, kamar ta sarauta. Akwai biyayya don doka, kamar wadda ake yi wa alƙali ko gwamna. Akwai kuma biyayya don kwarjinin mutum shi kansa. Yakubu da kwarjinin ilimi da tutar Shehu ya fara, daga baya abin ya koma gado. Hamza baƙo ne a Ningi, ba shi da gado ba shi da doka, sai yardar da mutane suka yi da shi. Aminu ma ba shi da abin rabawa, amma talaka ya yarda a ɗaure shi saboda NEPU.

Idan aka haɗa labaran nan, abu biyu ke maimaituwa: mutane suna jin an zalunce su, sannan sun samu wanda suka amince da shi. Duk inda biyun nan suka haɗu, an tsallake ƙabila, an tsallake aji, a Ningi ma har addini aka tsallake. Inda kuwa kujera ce kawai ake nema, ko 'yan gida ɗaya sun zare wa juna takobi.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Unguwar nan kowa da inda kakansa ya fito, wani Kano, wani Katsina, wani Borno, wani ƙauyukan da ke kewaye, fatauci ko karatu ya kawo su. Idan ɗan siyasa ya zo yana cewa "namu ne" ko "su baƙi ne", ko ya ba yaranmu ƙwaya da 'yan kuɗi su shiga sara-suka, mu tambaye shi wane zalunci zai cire mana, kuma wace amana ya taɓa riƙewa. Iyaye da malaman unguwa, tun kafin a fara kamfen ya kamata mu zaunar da matasa mu ba su labarin Yakubu, da na Halilu da Usman. Allah Ya zaunar da Bauchi lafiya, amin.