Nansi: Garin Da Ya Sa Wa Titi Sunan Masu Gashin Makaron

Yau tafiya za mu yi zuwa wani gari a gabashin Faransa da ake rubuta sunansa Nancy, a faɗe shi Nansi. Daga Paris tafiyar awa ɗaya da rabi ce a jirgin ƙasa mai gudu.

Duk baƙon da ya sauka, inda ake fara kai shi shi ne dandalin Stanislas. Wannan Stanislas sarkin ƙasar Poland ne da ya rasa gadon sarautarsa. Da yake 'yarsa ce matar sarkin Faransa Louis na 15, sai aka ba shi mulkin yankin Lorraine a 1737, don a share masa hawaye. Shi ya sa aka gina dandalin tsakanin 1752 da 1755, da ƙofofin ƙarfe masu ado da ruwan zinare, aikin wani maƙeri Jean Lamour. Ƙarshensa abin tausayi ne: a 1766, yana da shekara 88, rigarsa ta kama da wuta a bakin murhun jin ɗumi, ƙunar ta zama ajalinsa. Daga nan Lorraine ta koma ƙarƙashin Faransa. A 1983 hukumar UNESCO ta sa dandalin cikin wuraren tarihi na duniya.

To amma ba sarki ne ya kawo mu ba. In kika bar dandalin ta titin Gambetta, taku kaɗan za ki ga wani shago, sunansa da Faransanci na nufin "Gidan Sistocin Makaron". Kada a ce makaroni irin na taliya, a'a. Makaron ɗan kayan zaƙi ne mai faɗi, bai kai tafin hannun yaro ba, samansa a tsattsage, wajensa ƙamas, cikinsa da taushi. Abu 3 kawai ake haɗawa: farin ƙwai, sukari, da niƙaƙƙen almon, wato 'ya'yan itacen nan da Larabawa ke kira lauz, wanda ya ɗan fi gyaɗa girma. Babu fulawa, babu mai. A jikin takardar da aka gasa shi ake sayar da shi, dozin-dozin.

Su wane ne sistocin? A addinin Kirista na Katolika akwai matan da ke barin aure da gidan iyaye, su shiga wani keɓaɓɓen gida su zauna don ibada har mutuwa, wasunsu ba sa fita sam. A ƙarni na 17 wata 'yar sarautar Lorraine mai suna Catherine ta kafa irin wannan gida a Nansi. Dokar gidan ta hana cin nama, don haka matan suka duƙufa kan sarrafa ƙwai da almon, har suka gwanance. A bayan katanga aka koyi aikin, kuma don cin gida ake yin sa.

Sai juyin juya halin Faransa ya ɓarke a 1789. A 1792 sabuwar gwamnati ta rushe ƙungiyoyin masu zaman ibada, ta rufe gidajensu. A wannan shekarar ce ma aka tumɓuke gunkin Louis na 15 da ke tsakiyar dandalin nan. Na Stanislas da baƙi ke ɗaukar hoto a gabansa sai a 1831 aka kafa shi. Ki tsaya ki auna halin da matan suka shiga. Mace ta yi shekaru ba ta san hanyar kasuwa ba, ba miji, ba ɗa, ba gona, rana ɗaya a ce ta fito ta san inda dare ya yi mata.

Yadda mutanen garin ke ba da labarin, biyu daga cikinsu, Marguerite Gaillot da Marie-Élisabeth Morlot, sun samu mafaka a gidan wani likita da ake kira Gormand, a titin Hache. Zaman cin arziki kuwa ba ya daɗewa da daɗi, kowace mace ta san wannan. Sai suka koma ga abin da hannunsu ya iya, suka fara gasa makaron suna sayarwa a 1793. Kafin wani lokaci sunayensu na yanka suka ɓace a bakin jama'a, kowa sai ya ce Sistocin Makaron.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka riƙe sirrinsu. Kayan haɗin dai kowa ya san su, na faɗa miki yanzu. Amma awon kowanne, da irin niƙan almon ɗin, da yadda ake buga ƙwan, da zafin tanderu, nan gizo ke saƙa. Kamar alkaki ne ko nakiya: duk unguwa an san abin da ake sawa, amma ranar biki gida ɗaya ake aika wa da kuɗi. Sirrin ya fara komawa hannun dangin ɗayarsu, daga baya ya riƙa bin duk wanda ya gaji shagon, daga mai shi zuwa magajinsa. A 1952 hukumar garin ta canza sunan ɓangaren titin Hache inda suka zauna, ya koma Titin Sistocin Makaron. Shekara 160 ke nan bayan an kore su daga gidansu. A ganina an makara, amma dai an yi.

Garin yana da wata alewar kuma, bergamot. Sukari ake dafawa har ya yi ruwan zinare, a ɗiga masa man ɓawon wani lemo mai ƙamshi da ake nomawa a Calabria, kudancin Italiya, a zuba ya daskare, a yanka shi ƙanana masu kusurwa huɗu. In kika ɗaga ɗaya, haske na ratsa ta kamar gilashi. Wadda ta taɓa shan ganyen shayin Earl Grey ta san ƙamshin, shi ne dai. A ƙarni na 19 ta yi suna, ana zuba ta a gwangwanaye masu zane, har wasu na tara gwangwanayen kamar yadda muke jeren kwalla. A 1996 Tarayyar Turai ta ba ta shaidar kariya: ba a yarda a kira alewa bergamot ɗin Nansi ba sai an yi ta a Lorraine, bisa ƙa'idar da aka rubuta.

Ita bergamot takan daɗe a gwangwaninta, shi ya sa ta fi dacewa da tsaraba mai nisa. Makaron kuwa ba ya jurewa haka, in ya sha iska sai ya bushe ya rasa taushin nan na ciki, gara a ci shi cikin 'yan kwanaki. Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba, a huta lafiya.