Daga Ƙarar Mai Ƙasa Zuwa Ƙarar Maƙwabci

Wannan makon mun leƙa arewacin Sikotilan, inda ake da ƙananan gonakin haya da suke kira croft: ɗan fili da gida, sai makiyayar da ƙauye ke amfani da ita tare.

Daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa tsakiyar na 19, masu ƙasa sun yi ta korar talakawa daga kwaruruka masu albarka don su zuba tumaki, saboda tumaki sun fi kawo kuɗi. Wasu aka tura su bakin teku, kan duwatsu, wasu suka hau jirgin ruwa sai Kanada. Da yawa daga cikin masu ƙasar can suke Landan ko Edinbara, wakili ne ke karɓar haya. To, wa za ka kai wa kuka, alhali wanda za ka yi ƙara shi ke da ikon tashinka?

A 1882 mutanen Braes da ke tsibirin Skye suka ƙi biyan haya sai an mayar musu da makiyayarsu ta Ben Lee. Aka ƙone takardun kora. Aka turo 'yan sanda kusan hamsin daga Gilasgo, mata da maza suka tarbe su da duwatsu da sanduna. Dole gwamnati ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Lord Napier a 1883.

Nan ne wurin da ya fi riƙe mu. Shaidan farko, Angus Stewart, bai fara da labarin zalunci ba. Sai da ya nemi tabbacin cewa ba za a kore shi ba saboda abin da zai faɗa. Mutum 775 suka ba da shaida, da yawansu da harshensu na Gelik, tafinta na fassarawa, akawu na rubutawa. Mu da muke kukan ba mu da abin rubutawa, mu duba wannan tambaya guda ta Stewart. Littafi ce sukutum. A 1886 doka ta hana korar manomi haka siddan, ta sa hukuma ta yanke haya, ta ba shi damar barin wa iyalinsa gonar.

Sai reshe ya juye da mujiya. Dokar 1976 ta ba manomi damar sayen gonarsa, jikoki kuwa suka tafi birni neman aiki, gonaki suka zama saura, matasan da ke son noma ba su da fili. Dokar 2010 ta ce mai gona ko mai haya ya zauna cikin kilomita 32 da ita, ya kuma nome ta. Ta kuma ɗora wa kwamitin makiyaya na kowane ƙauye kai rahoton masu sakaci duk shekara biyar. Da yawa suka ƙi, kuma mun fahimce su. Wanda za a rubuta sunansa yanzu ba wani attajirin Landan ba ne, ɗan gwaggonka ne, wanda kakansa da naka suka jefi 'yan sanda rana ɗaya.