Daga Ɗakin Jego Zuwa Asibiti: Waiwaye Kan Lafiyar Iyayenmu Mata

Masu iya magana na cewa waiwaye adon tafiya. A zamanin kakanninmu a Dangoma, mace kan haihu ne a ɗaki, a hannun unguwarzoma, sannan a bi ta da wankan jego da kunun kanwa. Idan naƙuda ta yi tsawo, ko jini ya ɓalle, ko jijjiga ta taso, sai rubutu da addu'a, domin asibiti na can Birnin Kebbi, wato wanda ke ɗauke da sunan Sarkin Gwandu Yahaya. Da yawa sun rasu kafin a kai su, wasu kuma sun tsira da lalurar yoyon fitsari.

Sauyi ya fara ne a lokacin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya riƙe Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya daga 1985 zuwa 1992, inda ya dage a kan kai kiwon lafiya matakin farko har ƙauyuka: awon ciki, rigakafi da magunguna masu sauƙin kuɗi. Ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991 ya matso da gwamnati kusa da mu. A 2009 Gwamnatin Tarayya ta ɓullo da shirin tura ungozomomin zamani, har da waɗanda suka yi ritaya, zuwa ƙananan asibitocin karkara, ko da yake ƙarancin alawus da masauki ya sa da dama ba su zauna ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuwa ta tanadi aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya don kiwon lafiya a matakin farko.

Darasin wannan tarihi a fili yake: gini kaɗai ba ya karɓar haihuwa. Jinkirin yanke shawara a gida, da rashin abin hawa cikin dare, da rashin ma'aikaciya mace wadda za ta zauna cikinmu, su ne ke cinye rayuka.

Saboda haka, ya ku 'yan'uwa mazauna birane, mu ɗauki nauyin karatun 'ya'yanmu mata a makarantun koyon aikin jinya da ungozoma, mu kafa asusun jigilar masu naƙuda, mu kuma ja hankalin magidanta su bar iyalinsu zuwa awo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya sauki masu juna biyu lafiya, amin.