Risiba

risiba, suna, mace, jam'i risibobi, ana kuma ce mata dikoda. Ƙaramar na'ura ce da ake haɗawa tsakanin dish da talabijin. Ita ke karɓar saƙon tauraron ɗan Adam ta mayar da shi hoto da murya.

Iri biyu ce: ta kuɗin wata, kamar ta DStv, da ta kyauta, wadda kuɗin saye da na mai ɗaura dish kawai take ci. Ta kyautar ce ta fi dacewa da magidanta a Jega, Aliero da Maiyama, domin tana kama tashoshi irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, da tashoshin Makka da Madina.

Mai son hoto tangaran ya duba rubutun DVB-S2 a jikin kwali, da kafar HDMI a bayanta. Tsohuwar risiba ba ta buɗe tashoshin DVB-S2. Idan risiba tana da kafar USB, ana soka filash a naɗi shiri, a kalla bayan an dawo daga gonar albasa. Mai cin wutar 12V ta fi, domin batirin sola na ɗaukarta. Da damina, ruwa mai ƙarfi kan ɗauke hoton na ɗan lokaci. Wannan ba laifin risiba ba ne.