Gansakukar Fadama Kafin Kachalla Ta Ci Ruwa

'Yar ƙanwata da ke karatun ilimin halittu ta nuna min hoton dusar ƙanƙara ja-jawur a wayarta, ta ce, "Kawu, a duk aikin da kuka yi kun taɓa ganin gansakuka mai juriya irin wannan?"

Na san ta a littafi tun ina saurayi. A lokacin Chlamydomonas nivalis ake kiranta, sai a 2019 aka raɗa wa jan nau'in suna Sanguina. Tana rayuwa cikin ɗan ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin dusa, sanyin da ya kai na daskarewa bai hana ta girma ba. In rana ta yi ƙarfi a kan dutse sai ta tara jan sinadarin astazantin ya kare mata koren da take haɗa abinci da shi, ta yi ɓawo mai kauri ta kwanta har dusar baɗi ta fara narkewa. Tun 1818 John Ross ya gan ta a gaɓar Girinlan.

Abin da ya ɓata min rai shi ne yarinyar ta tashi a Kirikasamma, amma ba wanda ya taɓa gaya mata cewa jan kumfan da ke rufe kududdufi da rani yakan zama Euglena ce, mai wannan sinadari ɗaya. Da tsakar rana ja, da la'asar sakaliya ta koma kore, don ta janye jan zuwa tsakiyar jikinta.

Malamin da ya koya min aiki, Allah ya jiƙansa, ba ya yarda da ɗalibin da wandonsa bai jiƙe ba. Da hunturu mukan shiga kwalekwale a Marma tun asuba, hannu na karkarwa, mu ja 'yar koma mai laushi, mu ɗiga aidin a kwalba. Amma aikin da ya fi so na rani ne. Idan fadama ta bushe ta tsattsage, sai ya sa mu ɓamɓaro ɓawon laka da wuƙa, kowane daga inda ruwa ya tsaya bara, mu nannaɗe a takarda mu rubuta sunan wurin kamar yadda masunta ke kiransa. A ɗaki sai a sa a kwalba, a zuba ruwan sama da aka tafasa ya huce, a jera bakin taga. Kafin mako ya zagayo gefen kwalbar ya fara kore. Madubinmu na duba ƙananan halittu ba lantarki, hasken rana ake karkatowa da ɗan gilashi, ido ɗaya a madubi, ɗaya a takarda, kana zanawa da fensir. In ka zana abin da ke littafi maimakon abin da ke gabanka, zai gane, ya yaga.

Shi ne ya fara ba ni labarin matan Kanembu da ke kwasar dihe a tafkunan Kanem, su shanya a yashi su yi miya da shi, tun kafin duniya ta san shi da sunan Spirulina a kanti. Yakan faɗi wannan da alfahari sai ka ce ƙauyensu ne.

Wannan aikin laka ya mutu, kuma ba lalaci ne kaɗai ya kashe shi ba. Bayan madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina zuwa ya tafi a kan lokacinsa. Wuraren da ke bushewa ƙayau duk shekara suka zama ba sa rabuwa da ruwa, kachalla ta samu gindin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta yi wa gansakuka inuwa. Da aka kafa shirin kiyaye dausayin Hadejia da Nguru a 1987, tsuntsaye aka fi ƙirgawa, sai kifi da shinkafa. Ban ga laifinsu ba, amma abin da ƙananan kifin ke ci fa?

Yanzu masu bincike kan zo da hoton tauraron ɗan'adam, su ga kore su rubuta "ciyayi", ba su bambance kainuwa da bado ba, balle abin da ke ƙarƙashi. Zane-zanen malam kuwa, da na ajiye aiki na koma nema a ofishin da aka tara su, na tarar gara ta cinye fiye da rabi. Abin da ya rage yana akwatina, kuma har yau ba wanda ya zo ya kwafa.