Guzurin Matafiyi a Zazzau: Daga Ayari Zuwa Mota

Tun kafin kwalta ta ratsa unguwar Tukur-Tukur a Zariya, Zazzau zango ce ga fataken da ke zuwa Gwanja sayo goro. Tafiyar watanni ce, don haka ayari ba ya tashi sai da shiri: madugu ke shugabanci, jagaba na gaba yana duba hanya. A cikin kaya akwai salkar ruwa, kilishi, kanwa, man kaɗanya na shafa wa faso da sassaƙen magani. In wani ya karye, a nemi maɗori a garin da aka yada zango.

Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, motoci suka biyo baya. Tafiya ta gajarce, amma haɗarin ya ƙara muni, domin jaki bai taɓa kifewa da mutum 18 ba.

A 1988 aka kafa hukumar kiyaye haɗurra, FRSC, Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Jami'anta kan tambayi direba tayar safaya da tukunyar kashe gobara. Akwatin taimakon gaggawa kuwa, mai bandeji, auduga da almakashi, ba kowane direban hanyar Kaduna ko Kano ke ɗauka ba, alhali asibitin Shika da ke Zariya na iya yin nisa. Lambar kiran hukumar ita ce 122.